Yadda Za Ka Roƙi Allah Ya Tsare Ka Daga Jarrabawa, Ya Kuma Amsa

Ɗan'uwa ɗalibi, gyara zama. Idan Disamba ta kama, jarrabawa ta tsaya maka a maƙogwaro, ga Kirsimeti yana leƙowa, to ka zo inda ya dace. Ka bi abin da zan koya maka daki-daki, na yi maka alkawari ba za ka buɗe littafi ba, kuma ba wanda zai kira ka malalaci. Bawan Allah za a riƙa ce maka.

Hanyar nan an gwada ta. Wanda ya gwada shi ne Izunna, haifaffen Gyadi-Gyadi, ɗan ajin ƙarshe a wata kwaleji a nan Kano. Kwas ɗaya ya rage masa, na ƙididdiga, wanda ya kayar da shi bara. In ya ci, ya gama. In bai ci ba, sai baɗi. Mahaifiyarsa tana sayar da manja a kasuwar Tarauni, ciwon gwiwa ya sa ta a gaba, kuma ta gaya wa duk 'yan layinsu cewa ranar da Izunna ya gama ta daina ɗaukar jarka. Ajiye wannan a ranka, za mu dawo kanta.

Mataki na 1: Ka zama wanda ba a taro sai da shi

Nemi ƙungiyar zumuntar ɗalibai Kirista ka shige ta da ƙarfinka. Ta su Izunna a falon wani dattijo take haɗuwa a Tarauni. Ka yi sa'a, domin makonnin da ke gaban Kirsimeti, waɗanda 'yan coci ke kira Adbent, lokacin jira ne, kuma ba abin da ya kai jira cin aiki. Akwai gwajin waƙa, akwai wasan kwaikwayon haihuwar Almasihu, akwai gaida marasa lafiya, ga kyandir da ake ƙara kunnawa kowace Lahadi. Duk abin da aka ce wa zai yi, ɗaga hannu kafin a rufe baki.

A wasan kwaikwayo kada ka yarda a ba ka makiyayi, shi sanda kawai yake buƙata. Izunna mala'ika mai kawo saƙo ya zaɓa, saboda mala'ika yana da fukafukai, fukafukai kuwa sai an nemo kwalin firiji, an yanka, an liƙa auduga. Mako guda cur ya tafi a kan na hagu kaɗai.

Mataki na 2: Ka riƙe littafi, amma kada ka dame shi

Duk inda za ka, sa littafin kwas ɗin a hammata. Bincikena ya nuna ilimi yana shiga ta nan ma, sai dai a hankali.

Za a sami wani aboki mai son ɓata maka shiri. Na Izunna shi ne Abdulmalik, ɗan Hotoro, wanda kwas ɗin ya kayar da su tare bara. Tun daga lokacin Abdulmalik ya rame a kan karatu, kuma ya ɗauki Izunna kamar amanar da aka ba shi.

"Izu, yau dai ka zo mu duba babi na biyar."

"Mutumina, yau akwai gwajin waƙa."

"Jiya ma haka ka ce."

"Jiya ta maza ce. Yau da mata."

Kada ka yi faɗa da irin wannan aboki. Ka ce masa kana sa shi a addu'a. Dole ya ce ya gode.

Mataki na 3: Ka ɗora wa wayarka azumi

Tashi a gaban jama'a ka sanar cewa ka kashe data har sai an haifi Mai Ceto. Za a yi maka tafi. Ribar a nan biyu ce: ka sami suna, ka kuma huta da guruf ɗin ajinku, inda ba abin da ake turowa sai tsofaffin tambayoyi masu tayar da hankali. Izunna ya duba jadawali sau ɗaya kafin ya kashe, ya ga ƙididdiga ranar Juma'a ce da ƙarfe uku, bayan an sauko daga masallaci. Ya ce wannan ya ishe shi.

Mataki na 4: Ka ɗan gyara addu'a

Nan ne gwaninta take, ka buɗe kunne.

Zumuntar tana da 'yan Filato da 'yan kudancin Kaduna da yawa, don haka ranar Alhamis da Hausa ake addu'a. A cikin addu'ar akwai wurin da kowa ya sani, inda ake roƙon Allah kada ya kai mu ga jaraba. Jaraba, wato abin da ke jan mutum zuwa zunubi. Kai kuwa in ka iso nan, ja numfashi, ka ƙara wa kalmar ɗan tsawo. Ka ce kada ya kai mu ga jarrabawa.

Ranar da Izunna ya fara yin haka, amin ɗin da aka amsa sai da ta tayar da akuyar maƙwabta. Idanu a rufe, kafaɗu suna rawa don dariya. Daga nan duk Alhamis shi ake ba addu'ar rufewa.

Idan wani ya tambaye ka, kada ka yi dogon bayani. Akwai Sista Adesewa, 'yar ajin farko, wadda ta zo daga kudu bana, tana koyon Hausa da gaske, kuma a wurin Izunna take tambayar abin da ya shige mata duhu. Ita ce mai tsayawa a ƙofa tana tarbar mutane.

"Buroda Izunna, wanne ne daidai? Jaraba ko jarrabawa?"

"Duk ɗaya ne, Sista. Ɗaya gajere, ɗaya dogo."

Ta gyaɗa kai, ta maimaita a hankali don kada ta manta. Yarinya ce mai riƙe abin da aka koya mata.

Mataki na 5: Kada ka fita karɓar saƙo da kanka

Kai mala'ika ne, kai kake kai wa mutane saƙo. Ba girmanka ba ne a kawo maka.

Ranar Alhamis ta ƙarshe kafin jarrabawar aka sanar a guruf cewa an dawo da ƙididdiga ƙarfe takwas na safe, malamin zai yi tafiya. Abdulmalik ya kira, wayar Izunna tana cikin jaka ƙarƙashin kujera. Sai ya hau adaidaita sahu tun daga Hotoro, ya iso Tarauni dab da magariba. Ta taga ya hango abokinsa a kan benci da fukafukan kwali, yana gaya wa makiyaya kada su ji tsoro. Bai ga ta inda zai kutsa cikin ibadar mutane ba, ga shi an fara kiran salla. Ya tsaya wurin Adesewa.

"Malama, don Allah ki gaya wa Izunna jarrabawa gobe da safe ce. Da safe, ba da yamma ba. Ki ce in ji Abdulmalik."

"Zan faɗa masa," in ji ta, idonta ya yi waje.

Ta kuwa faɗa. Da aka tashi ta ja shi gefe, ta zaɓi gajeren, tunda duk ɗaya ne kuma ya fi sauƙi a baki.

"Buroda, abokinka ya zo. Ya ce jaraba zai zo maka gobe da safe. Ka yi hankali."

Abin ya taɓa Izunna ƙwarai, a ce har Musulmi an nuna masa wani abu a kansa.

Mataki na 6: Ka tsaya da ƙarfi

Da gari ya waye ya kulle ɗaki, ya ɗauki azumi zuwa rana, ya durƙusa. Bakwai da 'yan mintuna waya ta fara ruri, sunan Abdulmalik a jiki. Izunna ya san kiran safe na Abdulmalik, ba ya wuce a haɗu wurin mai shayi a ci burodi da ƙwai. Ga mai azumi kuwa, jaraba ba ta wuce haka. Ya kife wayar. Ta sake yin ƙara, ya tura ta ƙarƙashin filo. Ta yi ta yi har ta gaji, dab da takwas ta yi shiru.

Ya ji wani irin daɗi a ransa. Bai taɓa cin nasara a kan Shaiɗan da sauƙi haka ba.

Mataki na 7: Ka isa da wuri

Biyu da rabi ya isa, da biro biyu da littafi a hammata. Ɗakin jarrabawa a buɗe, ba kowa sai kujeru. Abdulmalik yana zaune a kan dakali da dardumarsa a kafaɗa, bai tafi gida ba.

"Ina ka shiga, Izu?"

"Ina addu'a. Saƙonka ya iso, na gode. Ta zo kuwa, amma na fi ƙarfinta."

Abdulmalik ya dube shi. "Wace ce ta zo?"

A nan, ɗan'uwa, ba ni da wata shawara. Ka zauna a dakalin kawai. Abdulmalik bai yi dariya ba, bai kuma ce ai na gaya maka ba. Cewa ya yi babi na biyar ne ya fito.

Mataki na 8: Mama

Ba a tsallake wannan. Izunna ya same ta a kasuwa da la'asar, tana jan jarka zuwa cikin rumfa, tana ɗingishi. Da ta gan shi ta saki jarkar, ta goge hannu a zani, fuskarta ta washe.

"Ɗan makaranta. An gama?"

Ya faɗa mata komai, har da gajere da dogo, don ƙarya ta ƙare masa. Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba. Ta saurara har ƙarshe, ba ta ɗaga murya ba, kuma wannan ya fi duka zafi.

"Kai ka roƙa da bakinka?"

"Wasa nake yi, Mama."

"To, wanda ka roƙa bai san kana wasa ba." Ta dubi jarkar, ta dubi gwiwarta. "Kama mini can gefen."

Gargaɗi

Marubucin wannan jagora ba shi da hannu a duk abin da ya biyo baya. Alkawarin da na yi shi ne ba za ka buɗe littafi ba, kuma ba ka buɗe ba. Kada a kawo mini ƙara, kada a kai wa Sista Adesewa, ita abin da aka koya mata ta faɗa. Mai ƙorafi ya kai wa wanda ya amsa addu'ar.

An yi wasan Kirsimeti, an ce mala'ikan bai yi armashi ba, muryarsa ba ta fita. An kunna kyandir na ƙarshe, kowa ya gama jiransa ya ci shinkafa. Mutum ɗaya ce Adbent ɗinta bai ƙare ba. In ka bi ta kasuwar Tarauni za ka gan ta a layin 'yan manja, an ƙara mata shekara guda.