Ranar Da Na Hau Buhunan Gero Da Kwamfuta A Ka

Ko tsufa ya wanke mini ƙwaƙwalwa tas, ba zan taɓa mantawa da wata Asabar a bakin bodar Jibiya ba.

Ni malamin lissafi ne, kuma (kada ku yi dariya) ina ɗan taɓa rubuta manhaja. Akwai wani laburaren lissafi na kyauta da mu 'yan sa-kai muke ginawa ta intanet, shugabarmu kuwa Dokta Rabi ce, mutuniyar Maraɗi. Burina ɗaya a duniya: ta ba ni izinin saka gyara kai tsaye kamar sauran manya, a daina duba aikina kamar na ɗan firamare.

Sai ga dama ta samu. Akwai abin da muke kira bekta mai yawan sifili. Dogon jerin lambobi ne, kusan duk sifili, sai jefi-jefi a ci karo da lamba mai rai. Kamar hanyar Maraɗi dai: daji, daji, daji, ƙauye. To ita manhajarmu a kowane sifili sai ta tsaya ta gaishe shi, har ta tambayi iyali. Aka ce wa zai koya mata tsallakewa? Na ce ga ni. Na gyara, na gwada da 'yan lambobina, ta wuce kamar walƙiya.

Dokta ta ce za ta shigo Katsina biki, mu haɗu a boda ta gani da idonta. Na sha babbar riga mai sitaci (wadda idan na cire ta, tsaye take kwana). Muka zauna a rumfar Ilu mai shayi, ta ba ni lambobin gaske a filashi, na danna maɓalli, ita kuma ta tafi wajen jami'an duwan, wato kwastan, kan takardun motarta.

Ɗan ɗigon nan na allo ya fara ƙyaftawa. Fankar kwamfuta na huci a hankali kamar iskar dam da la'asar. Ni kuwa tuni na lula. Na ga sunana a saman laburaren, na ga ɗaliban ƙasashen da ban iya faɗin sunansu ba suna shi mini albarka. Na ga sifilaye farare kamar balbelu suna tashi suna ba ni hanya, ina ratsa su a kan gajimare, rigata na kaɗawa.

“Malam, shayinka ya yi fata,” in ji Ilu. “Abin naka bai gama ba?”

Na duba. Ɗigo na nan yana ƙyafta mini ido.

Ku da ba 'yan boda ba, ba za ku gane ba. A nan komai ya tsaya, netwok ne, ko rezo in ji mutanen Nijar. Waya na rawa tsakanin layinmu da na Nijar, har tuwo in ya ƙi dahuwa mukan zargi sabis. Maganinsa kuma sananne ne: a hau sama. Na hango wata babbar mota maƙare da gero, na tattare riga, 'yan dako suka turo ni ta baya suna “Hau, Malam, hau!” Na miƙe a kan buhuna, na ɗaga kwamfuta bisa kai, ina juyawa gabas da arewa. Masu babura suka kashe inji suna kallo. Wani direba har yana ba ni kwatance: “Ƙara yin hagu, can rezo ya fi ƙarfi!”

Daga ƙasa na ji muryar Dokta, a natse, tana kirana Mushe, wato Malam a bakin mutanen Nijar.

“Mushe, mi kake yi a bisa?”

“Netwok nake kamo mana, ranki ya daɗe!”

“Gwajin ga ai cikin kwamfutarka yake gudana. Ba ruwanshi da rezo.”

Wallahi har geron da ke ƙarƙashina na ji ya yi shiru.

Saukowa ta fi hawa wuya, rigar ma ta bar wani yankinta a jikin ƙarfe. Dokta ta karɓi kwamfutar, ta ɗora yatsa a kan layi ɗaya. Na rubuta cewa in an tarar da sifili a ƙyale shi a sake zagayowa, amma na manta in ce a matsa gaba. Tun sifilin farko baiwar Allah manhajar take tsaye, tana ƙyale shi tana dawowa kansa.

“To da kake gwadawa a gida fa?” ta tambaya.

Na sunkuyar da kai. Lambobin da na gwada da su babu sifili ko ɗaya a ciki. Na zaɓo masu kyau ne, don kada a ji kunya.

Izinin dai ban samu ba. “Sai bayan damina, Mushe,” ta ce, tana danne dariya da gefen mayafi. Abin da na samu suna ne: daga tasha har Daddara, Malam Eriya ake kirana.

Yanzu in abu ya tsaya mini, nakan fara duba abin da hannuna ya rubuta kafin in ɗaga kai sama. In kuwa dole sai na hau mota, to ba da babbar riga ba.