Laccar da Ta Ƙara Mini Shekara Ashirin da Ɗaya

Jama'a, ni dai na gama yanke shawara: a rufe jami'o'in ƙasar nan. Duka. A garƙame su da kwaɗo, a mayar da ɗakunan lacca rumbun gyaɗa, farfesoshi kuma kowa a miƙa masa fartanya. In gwamnati ta ƙi, Majalisar Ɗinkin Duniya zan rubuta wa, domin abin da aka yi mini ranar Laraba a gaban mutum ɗari biyar ya fi ƙarfin kotun unguwa.

Wanda bai san ni ba, baƙo ne a garin nan. Ni ne Dakta Tanimu mai kyamis na bakin tasha. Kada wani ya tambaye ni inda na samo Dakta. Jama'a ne suka ba ni, ni kuma ba na mayar wa mutane kyautarsu. Mutum yana sako ƙafa a shagona na san abin da ke damunsa, kafin ya gama sallama na ƙulle masa magani a leda. Ga shi Allah ya ba ni jiki mai kyau. Gashi baƙi wuluk, tafiya cak-cak. Har yau 'yan acaba Yaya suke ce mini, wanda ya kuskura ya ce Baba kuwa ba na hawa babur ɗinsa.

To, ana saura mako guda zaɓen shugaban ƙungiyar masu kyamis ta garinmu, takardar gayyata ta iso. Mu biyu ne ke takara, ni da Alhaji Ilu. Ilu kuwa mutum ne mai taurin kai, in ka je sayen kafso sai ya ce ina takardar likita, sai ka ce ɗan sanda a shinge. Jami'ar garinmu tana da wata lacca da take shiryawa duk wata, wai don a haɗa kimiyya da al'umma da al'amuran duniya. A wannan karon sun gayyato wata Farfesa Uwani Makama, 'yar ƙasar nan ce amma a waje take aiki, za ta yi magana da Hausa a kan yadda ƙwayoyin cuta suka daina jin magani. An ce duk mai kyamis ya zo.

Na ce alhamdu lillahi. Masu jefa ƙuri'ata duka a ɗaki ɗaya, ga fanka, ga lasifika kyauta!

Ranar da safe na ɗan gyara kaina. Ba wai furfura gare ni ba, ɗan dayis ne kawai na shafa saboda kwalliya. Matata Tabawa ta tsaya a bakin ƙofa tana kallona.

"Baban Zulai, ka bari ya bushe mana kafin ka ɗora hula."

"Ke, manya ba sa makara."

"To Allah ya sa akwai sanyi a can."

Na zuba babbar riga, na maƙala tabarau, na kama hanya.

Duk wanda ya saba zuwa taro ya san yadda ake hawa teburin manyan baƙi. Ba jira ake a kira ka ba. 'Yar takarda kake rubutawa, ka naɗe, ka sa a miƙa wa mai gabatar da taro. Na rubuta tawa: Dakta Tanimu, ƙwararre a harhaɗa magunguna, uban masu kyamis na yankin nan. Ko minti biyar ba a yi ba na ji sunana ya cika ɗaki. Na miƙe a hankali, na naɗe hannun riga, na taka. Aka zaunar da ni kusa da mataimakin shugaban jami'a, ga ruwan roba, ga abin magana nawa na kaina a gabana. Na hango Ilu can a layi na tara, ko ruwan leda ba a ba shi ba. Na ɗaga masa yatsa biyu.

Mai gabatarwa ya ce Dakta zai yi tsokaci na minti biyu a madadin masu kyamis. Na yi sha ɗaya.

"Akwai jahilai a cikin sana'ar nan," na ce, ina kallon layi na tara. "Masu ba da magani barkatai. In Allah ya ba ni shugabanci ranar Asabar, duk wanda na kama, a tsakiyar kasuwa zan sa a ɗaure shi, a rataya masa kwalin maganin a wuya!"

Tafi raf-raf-raf! Na zauna ina jin ƙuri'u suna zubowa cikin aljihuna.

Sai Farfesa ta tashi. 'Yar siririya ce, ba hayaniya. Ta ce in mutum ya sha rabin maganin kashe ƙwayoyin cuta ya bari, raunanan ƙwayoyin ne ke mutuwa, ƙarfafan su tsira, su hayayyafa, gobe ka kawo musu maganin su yi maka dariya. Ta ce ƙwayar da ta ƙware a bakin tashar wani ƙauye, cikin mako guda sai ta hau jirgi ta sauka Jidda ko Landan, ba fasfo ba biza. Ina ta gyaɗa kai da ƙarfi, ina cewa "Haka yake!" yadda kowa zai san mu biyu ne muka fahimci zancen.

Daga nan ta ce, "Kafin na zo nan na zagaya shaguna arba'in a jihohi uku. Niƙabi nake sawa, in shiga kamar kowace uwa, in ce ɗana yana mura, in naɗi abin da aka gaya mini. Zan sa muku guda ɗaya. Na ɓoye sunan gari, na ɓoye sunan shago, muryar ma an sauya ta. Ba tozarta kowa na zo yi ba."

Na duƙa kan abin magana na ce, "Ai da kin faɗi sunansa, Farfesa, mu san shi!"

Ta danna. Sai ga wata murya ƙwar-ƙwar-ƙwar kamar ta agwagwa ta fito daga lasifika.

"Mura? Hajiya, kin zo gidan magani. Ga ja da yalo guda biyu, ga fari guda ɗaya. Ki fasa ki juye masa a kunu."

"Kwana nawa zai sha?" Wannan muryar Farfesa ce.

"Kwana nawa kuma? Da ya daina atishawa ki tsaya. Ragowar ki zuba wa kaji a ruwa, su ma bayin Allah ne."

Ɗaki ya ɗauki dariya. Ni ma na ƙyalƙyale, har da dukan teburi. Amma sai na dakata. Zancen kajin nan kamar na taɓa jin sa a wani wuri.

"Ba sai na kai shi asibiti ba?"

"Asibiti? Hajiya, likitocin da kike gani, in abu ya cushe musu ni suke bugo wa waya. Jiya ma na kashe wayata don su bar ni in ci tuwo."

Inna lillahi! Ni ne. Na tuna matar sarai, wata uku da suka wuce, da baƙin niƙabi da jakar leda, har na ce mata ta gaishe da yaron.

Gumi ya keto mini daga ƙarƙashin hula. Na sa hankici na share goshi, na duba: baƙi ƙirin. Na share kuma, ya ƙara baƙi. Mataimakin shugaban jami'a ya dube ni, ya ɗan ja kujerarsa gefe. Amma fa ku lura, har zuwa lokacin lafiyata ƙalau. Muryar agwagwa ce, ba tawa ba. Shago arba'in, jiha uku. Ilu ma dariyarsa yake yi har da riƙe ciki, bai san komai ba. Farfesa kuwa ko inda nake ba ta kalla ba. Abin da ya rage mini kawai in zauna shiru na minti goma, in sha ruwana, ranar Asabar in zama shugaba.

Sai wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce, "Farfesa, wane irin mutum ne wannan?"

Farfesa ta yi murmushi, ta sassauta murya. "Kada ku yi masa dariya, 'yata. Ba mugu ba ne. Wani dattijo ne, bawan Allah, abin tausayi. Zai kai shekara saba'in. Ya sha dayis, amma tsufa ya riga ya gama da shi, har hannunsa rawa yake yi wajen ƙulla leda. Ya tuna mini da kakana. Irin waɗannan tsofaffi koyarwa suke buƙata, ba hukunci ba."

Saba'in.

Jama'a, ku yi mini adalci. Ta ce na ba da rabin magani, na haɗiye. Ta ce na shayar da kaji, na haɗiye. Amma saba'in? Kaka? Ni da 'yan acaba ke ce wa Yaya? Ban san lokacin da na miƙe ba. Ban san lokacin da na fizgo abin magana ba. Na dai ji muryata, tawa ta gaske ba ta agwagwa ba, ta daki bangon ɗakin nan ta dawo:

"Wallahi ƙarya ne! Saba'in ina? Arba'in da tara nake! Kuma ba rawa hannuna yake yi ba, ledar ce mai santsi!"

Tsit.

Ko fanka sai da na ji kamar ta tsaya ta saurara. Mutum ɗari biyar suka zuba mini ido, ga baƙin ruwa yana gangaro mini ta gefen kunne zuwa wuyan farar riga. Farfesa ta dafe baki. Ta dube ni, ta dubi na'urarta, ta sake dubana.

"Baba," ta ce a hankali, "ni fa na yi iya ƙoƙarina in rufa maka asiri."

Baba kuma!

Can daga layi na tara Alhaji Ilu ya miƙe, ya gyara hula, ya ɗaga hannu kamar ɗan makaranta.

"Ranka ya daɗe mai gabatarwa, tambaya gare ni. Igiyar da za a ɗaure mutumin a kasuwa, ƙungiya ce za ta kawo ko Dakta ya taho da tasa?"

Ɗakin ya fashe. Ɗalibai suna bubbuga benci, wasu suna kukan kaji, ƙurƙur-ƙurƙur, wani malami ya cire tabarau yana share hawaye. Na nemi ƙofa. Teburin manyan baƙi kuwa masifarsa ke nan: hawansa da daɗi, amma saukarsa sai ka bi ta gaban kowa. Ina cikin sauri babbar riga ta harɗe da wayar lasifika, na tafi taga-taga, hula ta yi nata wuri. Wani ɗalibi ya tsinto ta ya miƙo mini da yatsa biyu, ya ce, "Ga ta, Kaka."

Ranar Asabar aka yi zaɓe. Ƙuri'a ɗaya na samu, kuma na san mai ita, don ni na jefa. Ilu, da yake ba ya barin abu ya wuce, aikinsa na farko shi ne ya roƙi jami'a ta shirya wa masu kyamis horo na mako biyu, ya sa sunana a saman takarda. Yanzu haka kullum da safe ina can, a layin gaba, da littafi da biro. In mutum ya zo sayen ja da yalo sai in ce ina takardar likita, shi kuma ya ce, "Yaya kaji, Arba'in da Tara?"

Ranar laccar kuwa, na koma gida ina ta faɗa, ina cewa sai na yi ƙarar jami'a da Farfesa da wanda ya ƙera lasifika. Tabawa tana durza wuyan rigar nan a bahon wanki, ba ta ko ɗago ba.

"Wa ya rubuta takardar hawa teburi?"

Na ce ni.

"Wa ya kawo zancen igiya?"

Na ce ni.

"Matar nan ta faɗi sunanka?"

Na duba sama, na duba ƙasa. Gaskiya dai, in za a kai wani kotu a kan maganar nan, bakina ne zai fara shiga akwatin masu laifi, ni kuma in bi shi a baya.

Na ce, "To na ji, ni na jawo. Amma ke ma shaida ce, Tabawa, ban kai saba'in ba."

Ta matse rigar, ta yarfe ta, ta ce, "Ba ka kai ba kam. Sai dai tun ranar sunan Zulai kake arba'in da tara, ga shi bana za ta shiga sakandare."