Ranar da na hana mutane cin shinkafar biki a Kwoi

Abubuwa da yawa sun shige mini, amma wannan rana ta ƙi fita daga kaina. Ni malamar firamare ce a Kafanchan, kuma tun rasuwar Mama ni ke dafa wa Baba abinci. Tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, mutumin da ya haddace sunan kowace tasha. Wata safiya ya dube ni da kyau ya ce, "Madam, wa kike nema?" 

A asibiti likita ya ce ciwon mantuwa ne. Ya yi mini bayani cewa akwai wani sinadari a ƙwaƙwalwa, glutamet, da ke kai saƙo tsakanin ƙwayoyinta ta wasu ƙananan ƙofofi, da haka muke riƙe abin da muka koya. Idan ya yi yawa, ƙofofin su zauna a buɗe, ƙwayoyin su gaji su mutu. Ina ta gyaɗa kai, amma tsoro ya toshe mini kunne, sunan kawai na kwaso.

Da na koma gida zan ɗora miya, sai na ga sunan nan a jikin ledar farin magi. Na zauna a ƙasa. Ashe ni ce nake kashe ubana da cokali? Na zubar da shi duka, na koma daddawa zalla. Ban gaya wa kowa ba. Duk lokacin da na manta inda na ajiye maƙulli sai in ce nawa ciwon ya fara.

Ana haka aka yi auren ƙanina a Kwoi. Na leƙa wajen masu girki, na ga ana juye farin magi a tukunyar shinkafa. Da aka fara rabo, na karɓe makirfo daga hannun mai gabatarwa (ni da ko a zumuntar mata ba na iya ba da sanarwa). Na ce, "Jama'a, don Allah ku ajiye cokali. Abincin nan akwai glutamet a ciki, yana cinye ƙwaƙwalwa." Fasto ya tsaya da loma a hannu.

Gwaggon amarya, tsohuwar nas, ta taso a hankali. Ta manta makirfo a kunne yake. "'Yata, wa ya gaya miki haka? Ƙwaƙwalwa da kanta take yin nata. Na abinci da ƙyar yake kaiwa can. Yana cikin tumatir, yana cikin nonon uwa. Da me kike miya yanzu?"

"Daddawa, Mama."

"Ai ita ma cike take da shi."

Dariya ta tashi har wajen masu girki. Ni kuwa kuka ya ƙwace mini, rabi kunya, rabi jin cewa ba ni na jawo wa Baba ciwo ba. Na koma kujerata na tarar Baba ya kusa cinye shinkafarsa. Ya matso ya raɗa mini, "Matar can da ta yi surutu, 'yar gidan wa ce?"

Na ce ban san ta ba. Yanzu idan likita ya yi bayani, sai na sa ya maimaita sau biyu, kuma a biki nesa da makirfo nake zama.