Ƙwan Dodo a Ƙarƙashin Kazata

Maƙwabcina Bitrus ya sayo gem ɗin hannu a Sabon Gari, wata 'yar na'urar wasa mai gilashi, ta kiwon dodanni. Wani ƙwai a ciki ya ƙi fashewa. Ɗaliban Samaru suka ce sai an yi ta yawo da shi cikin gem ɗin.

Na ce, "Shirme! Shekara talatin ina kiwo. Ƙwai ɗumi yake so."

Na karɓa, na yi bisimilla, na cusa gem ɗin ƙarƙashin kazata mai kwanci. Rana ta uku ta fasa gilashin da baki.

Bitrus ya dafe kai: "Haba Malam! Dodannina na wata shida!"

Ni dai har gobe ban janye ba. Kwana ashirin da ɗaya ake yi, shi ne ya yi gaggawar ɗaukewa. Amma ko masallaci na nufa, sai na ji daga baya: "Malam, an ƙyanƙyashe?"