Ƙafar Anti Rabi

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da na so in manta ma Anti Rabi ba za ta bari ba. Shekarata ta farko ce a Manchester, ina karatu a jami'a, ina zaune a wani ɗan ɗaki a Withington. Kaɗaici ya ishe ni har na fara gaida tukunyar shayi. Ana haka na haɗu da Anti Rabi a bas. Bahaushiyar Ghana ce, ta fi shekara ashirin a Moss Side. Ita ta ja ni ƙungiyarsu ta masu kaɗa ƙararrawar hannu, wadda ke haɗuwa duk Asabar a zauren unguwa.

Abin da sauƙi a ido. Mutum goma sha biyu ne a bayan tebura da aka jera kamar kofaton doki, kowa da safar hannu da ƙararrawarsa, kowace ƙararrawa da sautinta guda. Waƙar ba ta kowa ba ce shi kaɗai: ka jira gurbinka, ka kaɗa, ka danna ta a kafaɗa ta yi shiru. Malamarmu, wata tsohuwar Baturiya, ta tambaye ni ko na iya karanta takardar kiɗa. Anti ta riga ta cika baki cewa ni 'yarta ce mai digiri biyu, ni kuwa na kalli ɗige-ɗigen nan kamar kashin ƙuda a kan layi, na ce na iya. (Ni da ko ganga ban taɓa riƙewa ba.)

Aka ba ni wata babba mai nauyi, wadda sau huɗu kawai ake kaɗawa a duk waƙar. Nan na samo dabara. Anti tana tsaye a ɗaya ɓangaren tana fuskantata, ina hango ƙafarta ta ƙarƙashin tebur. Na lura duk sanda ta ɗaga dunduniya ta buga da ƙarfi, gurbina ya zo. Shi ke nan na huta da ƙirga. Wata uku idona na kan takalminta, hankalina yana yawo. Sautin nan yana tashi sama kamar hayaƙin turaren wuta, sai in ga kaina a Zariya, a tsakar gidanmu da hantsi, Mama tana shanya, mai keken alawa yana wucewa. Asabar ta zama ranar da nake zuwa gida ba tare da jirgi ba.

Sai aka ce za mu yi wasa a wani gidan kula da tsofaffi a Handsworth, can Birmingham, inda mahaifiyar Anti take. Hajiya ta fara rikicewa, wani lokaci ba ta gane 'yarta, amma kiɗa yana dawo da ita. Tun a mota Anti take faɗa mini burinta ɗaya ne, tsohuwa ta zauna ta ji waƙar nan har ƙarshe.

Muna shiga na ga abin da ban zata ba. An lulluɓe teburan da jan ƙyalle har ƙasa. Babu ƙafa, babu takalmi.

A nan ya kamata in buɗe baki in faɗi gaskiya, amma girman kai ya hana. Aka fara. Na kafa wa ƙyallen ido kamar zai tausaya mini ya ɗage. Da na ga ba sarki sai Allah, na rufe ido na ce zuciya za ta gaya mini. Zuciya kuwa ta ɗauke ni ta kai Zariya. Ina tsakar gida, rana tana dukan bango, sai na ji ko'ina ya yi tsit. (Ashe wurin da ake ɗan dakatawa ne kafin baitin ƙarshe.) Na ɗauka ni ake jira. Na ɗaga ƙararrawata na zabga ta sau uku da duk ƙarfina.

Abin da ban sani ba shi ne, a gidan nan da ƙararrawa ake kiran shan shayi. Na buɗe ido na ga tsofaffi suna miƙewa ɗaya bayan ɗaya, masu sanda da masu keke, sun nufi ƙofa cikin natsuwa. Hajiya ce a gaba. Hannun malamarmu ya tsaya a sama. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, ni da digirina biyu.

A wajen mota na samu Anti, na faɗa mata komai, har zancen ƙafar. Ta dube ni ta ce:

"'Yata, kin zaci ban sani ba? Three months ina buga miki ƙafa har gwiwata ta kumbura, sai da na ga GP, likitana. Yau da na ga tebur a rufe, kai na dinga kaɗa miki, ɗankwalina har ya kusa faɗuwa. Ko sau ɗaya ba ki dubi fuskata ba."

Wannan ya fi tsawa zafi. Na ba ta haƙuri ina hawaye. Ta ce in share, Hajiya dai ta sha shayinta, har ta tambayi wace yarinya ce mai kiran abinci da ladabi haka.

Yanzu na iya ƙirga, da ƙyar. Kuma na koyi cewa in ban san abu ba in ce ban sani ba, domin mai rufa mini asiri ma gwiwarta tana gajiya. Za mu koma Handsworth da bazara. Anti ta roƙi malama a sa wasan bayan shayi.