Yadda Ake Cigiyar Saniyar da Ta Maƙale a Wasan Waya

Idan wasan da ke cikin wayarka ya ci amanarka, masu shi kuma suka yi maka kunnen uwar shegu, to ka zo inda ya dace. Bi matakan nan, na yi maka alkawari kamfani zai amsa maka. Na gwada su a kan abokina Bakari, ma'aikacin ofis da ke zaune a unguwar Gwallameji. Shi Bafulatani ne, ni Babarbare, don haka duk tsiyar da na yi masa a nan halal ce.

Kakan Bakari ya yi garke a bayan Gubi, amma shi Bakari a birni ya tashi, ko akuya bai mallaka ba. Sai ya samu wani wasan kiwo a waya, ya duƙufa har ya tara shanu. A cikinsu akwai wata ja mai farin goshi da ya raɗa wa suna Wule, sunan saniyar ƙarshe da ta rage wa kakansa. Ita yake fara ba dusa kafin shi ya karya kumallo. Rannan wasan ya ce a sabunta shi, ya sabunta. Yana buɗewa ya tarar Wule ta shige cikin katangar rumbu, kai a ciki, wutsiya a waje tana kaɗawa. Ba ci ba sha, layin lafiyarta kullum raguwa yake yi.

Mataki na 1: Zargi kowa ban da kamfani

Fara da netwok. Koma kan wuta. In ba su amsa laifi ba, juya kan iyalinka. Bakari ya tambayi matarsa Madina ko ta taɓa masa waya.

"Baban Salma," in ji ta, "ni da ko madarar shanun nan ban taɓa gani ba, me zai kai ni rugarka?"

Daga nan hau keke zuwa Gwallaga a duba maka wayar. Mai gyara ya jujjuya ta Bakari, ya miƙa masa. "Yallaɓai, waya lafiyarta ƙalau. Saniyar ce ba lafiya, ni kuma ba likitan dabbobi ba ne."

Mataki na 2: Rubuta ƙorafi kamar ɗan mutunci

A can ƙasan wasan akwai wani ɗan akwati da aka ce a rubuta matsala. Ƙarami ne, amma kada wannan ya sa ka zubar da tarbiyya. Ba a faɗa wa mutane da magana kamar an jefo ka. Bakari ya yi sallama, ya tambayi aiki, ya tambayi iyali, ya tambayi sanyin ƙasarsu, ya yi fatan manyan kamfanin suna cikin ƙoshin lafiya. Yana kaiwa "dalilin rubuto muku shi ne", akwatin ya cika. Ya aika a haka, wai ai mai hankali zai gane akwai magana.

Mataki na 3: Ɗauki amsarsu da muhimmanci

Kafin ka ajiye waya amsa za ta shigo: kai abokinsu ne mai daraja, suna bincike. Mayar da godiya. Za su sake aiko maka da wannan amsar, ba ragi ba ƙari. Sake godewa. Bakari ya yi mako yana wannan gaisuwar da su, har ya fara cewa "mutanena" in yana zancensu.

Joel, abokin aikinsa, shi ya leƙa wayar ya ce, "Oga Bakari, ba mutum ba ne fa. Inji ne yake amsa maka."

"To injin ya fi wasu dangina ladabi," in ji Bakari. Amma ranar bai ci abincin rana ba.

Mataki na 4: Yi cigiya

Shiga shafin kamfanin inda jama'a ke zuba kuka, ka ba da kamanni yadda ake yi a kasuwar shanu: ja ce, farin goshi, ba ta da faɗa, an gan ta ƙarshe a cikin katanga. A nan za ka gane ba kai kaɗai ba ne. Wani daga ƙasar da ba ka taɓa jin sunanta ba tumakinsa na yawo a sararin sama. Wata rijiyarta ta koma saman bishiya. Yi musu jaje, su yi maka.

Sa ido sosai, domin a tsakiyar wannan zaman makokin kamfani zai fito da sanarwa mai taken albishir. Za ka yi wuf ka buɗe ta. Sababbin huluna ne suka kawo wa makiyayin wasan, masu launi kala-kala.

Mataki na 5: Yi barazanar dainawa

Rubuta musu cewa daga yau kun raba gari. Rubuta da manyan baƙaƙe. Sannan ka tuna sauran shanun ba su ci ba, ka koma.

Madina ta daɗe tana yi wa wannan mataki dariya, har wata safiya ta tarar da shi ya tasa shayi a gaba ya huce. Layin lafiyar Wule saura ƙiris. Ya ce mata, "Ranar da aka kai Wulen kakana kasuwa, ni aka ba igiya na riƙe. Ban san sayar da ita za a yi ba." Tun daga ranar ta daina dariya, har takan tambaye shi ya mai jiki.

Mataki na 6: Karɓi gyara da hannu biyu

Wata rana, ba sanarwa ba ban haƙuri, wasan zai sake cewa a sabunta shi. Bakari ya yi bisimilla ya danna. Katanga ta koma katanga, ba wutsiya a jikinta. Shanu suna tsaye a fili, ya ƙirga, ba wadda ta ɓata.

Sai dai domin wasan ya ƙara sauri, kamfani ya mayar da su duka farare, kamarsu ɗaya, ya kuma share sunayen.

Madina ta leƙo ta kafaɗarsa. "Alhamdu lillahi. To wacce ce ita?"

Ya matso da wannan, ya matso da waccan. Jikan mai garke ne, ga saniyarsa a gabansa, ya kasa nuna ta. Da ya ba ni labari, tsiyar da na tanada ta isa shekara, amma na dubi fuskarsa na haɗiye abata. Tausayinsa ya kama ni, kuma ban so hakan ba.

Sharaɗi

Na ce kamfani zai amsa, ga shi ya amsa. Abin da ya biyo baya babu hannuna a ciki. Idan datarka ta ƙare, ko shayinka ya huce, ko matarka ta fara gaishe ka da mai jiki, kada ka neme ni, kada ka aiko a neme ni. In kuwa dusarka ce ta daina isa, je ka ku yi kuka tare da Bakari. Kason da yake ware wa Wule ita kaɗai, yanzu kowace safiya sai ya bi shanun ɗaya bayan ɗaya ya ba kowacce, don kada ya tsallake ta bai sani ba.