Kafur a Tankin Mai

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da motata ta tona mini asiri a ƙarƙashin gadar Kawo, kuma tun yanzu in faɗa, ban sayar da ita ba, ba kuma zan sayar ba.

Da na yi ritaya na sayi wata tsohuwar bas 'yar Beljiyam, irin wadda Turawa ke yawon buɗe ido da ita. Akwai gado a ciki, da kabad, har da wurin ɗora tukunya. Yayan matata, Alhaji Bala, ya raɗa mata suna "ɗakin haya mai taya". Na ce hassada ce.

To, sai ta fara iskanci. In na tsaya a danja, inji ya riƙa hawa da sauka, ya yi gurnani, ya yi kamar zai mutu, ya sake zabura. Mai kuwa sha take kamar an huda tankin. Matata ta ce in kai wa bakanike. Ni? Mutumin da ya yi shekara talatin yana sa hannu a fayil ɗin motocin ofis? (Ban taɓa riƙe sifana ba, amma wannan wani zance ne.) Na canza fulogi da kaina, babu canji. Sai wani direba a tashar Kawo ya rantse mini cewa in na jefa kafur a tanki, mai zai yi auki, silo, wato kaɗawar inji in mota na tsaye, ya daidaita. Ya ce ƙwaya uku. Na ce ai tawa babba ce, na kwashe ƙullin da ke akwatin matata gaba ɗaya na zuba.

Sati biyu bayan haka aka zo kai 'yar ƙanena ɗakin miji. Alhaji Bala ya ce zai ɗauko motar haya. Na buga ƙirji na ce gwaggwannin amarya da gara duk ni zan kai, daga Malali, kuma ni zan riga kowa isa. In gara ba ta isa tare da amarya ba, danginmu ne za a yi wa dariya.

Mata takwas har da matata, buhun shinkafa, jarkokin mai, daron alkaki. Muna shiga cunkoson Kawo ta yi tari sau biyu ta mutu murus. Na murza makulli, na murza, shiru. Motocin rakiya duk suka tsaya a bayana, amarya na kuka a lulluɓe, 'yan Keke na zagina.

Alhaji Bala ya kira bakanikensa daga Unguwar Shanu, wani Bakatsine, Malam Sabi'u. Ya shiga ƙarƙashi ya kwance matatar mai, ya kaɗa ta a tafin hannunsa. Wani farin gari ya zubo. Ya shinshina, ya dube ni.

"Alhaji, wa ya sa maka kafur?"

"Masu gidan mai ne, ba sa tsoron Allah," in ji ni.

Gwaggo Asabe, babbar gwaggon amarya, ta leƙo ta taga. "Shi ya sa! Tun Malali nake jin ƙanshin akwatin lefe." Sai matata, a gaban kowa: "Au, Malam! Ashe kai ne? Ni da na yi kwana uku ina zargin ƙanwata?"

Wallahi na ji kunya har cikin ƙashina. Abin da ya ƙarasa ni, Malam Sabi'u ya sa yatsa ya nuna wani ɗan tiyon iska da ya tsage a jikin inji. Ashe shi ne ciwon tun farko. Ya naɗe shi da salatif, minti biyu. Matatar da na toshe ce ta ci awa guda.

Gara ta tafi a Keke uku. Gwaggo Asabe ta rungume daron alkaki a cinya, Alhaji Bala yana ɗaukar hoto.

Yanzu ko a wurin ta'aziyya na zauna, sai wani ya shaƙi iska ya ce, "Injiniya, an iso?" Su yi ta yi. Ni dai na gano cewa injin na da matsala, kuma ya tabbata yana da ita, a magani kawai aka samu saɓani. Darasin da na ɗauka guda ne: in direban tasha ya ba ka shawara, ka fara leƙa tasa motar. Na koma neman direban nawa, aka ce tun bara tasa take kan duwatsu.